Guntun Dogon da Baba Ya Rataye a Gawo

Kakar bana ta cika shekara biyar da aka kashe mahaifina, Malam Alhassan, wanda ƙauyukan arewacin Kurfai suka fi sani da Mai Birki. A shekarun nan ban rubuta ko kalma ɗaya a kansa ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina cika wa 'ya'yan mutane kunne da amfanin rubutu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: fushi nake yi da shi. Ƙanena Yahuza ya mutu rana ɗaya da shi, kuma Baba ne ya kira shi zuwa inda aka harbe shi.

Mu a yankinmu ba mu da jirgin ƙasa, ba mu da kwal, sai hatsi da shanu da rairayi. Amma Baba tun yana saurayi ya bi 'yan ci-rani har kudancin Najeriya, ya samu aiki a wani ɗan layin dogo da ke sauko da kwal daga bakin rami a kan dutse zuwa babbar tasha a ƙasa. Layin gajere ne, ya ce mai ƙafa zai taka shi kaf tsakanin azahar da la'asar. Turawa ne suka sa aka shimfiɗa shi, kuma tsofaffin da ya tarar sun sha nuna masa tabon bulalar da suka sha wurin fasa dutsen. Da farko mutane ne ke tura taragun da ƙirji, daga baya aka kawo wani ɗan inji mai yawan tari. Injin ya ja taragu wofi zuwa sama, in an cika su kuma nauyinsu ya gangaro da su. Abin da ke hana su kwasa a guje su afka wa tasha shi ne mutumin da ke tsaye a bayan tarago yana murɗa birki. Aikin Baba ke nan.

Layin ya ci mutane. Wata rana sarƙa ta tsinke, taragu uku cike da kwal suka kufce suka bi ta kan masu gyaran hanya. Baba ya ce a buhu aka tattara su, ba a san hannun wane ba, ba a san ƙafar wane ba. Shi kansa sarƙar ta tafi da yatsunsa uku na hagu. Yakan ba mu wannan labari muna tsakar cin tuwo, sai mahaifiyarmu ta ce don Allah ya bari a haɗiye lomar tukuna.

Abin da ya fi so ya faɗa shi ne labarin ƙarfen bakin rami. Guntun dogo ne aka yanke aka rataye. In rami ya rufta, sai a buga shi, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya sheƙo, ba a tambayar ƙabilar wanda ƙasa ta danne ko addininsa. Shi ma an taɓa tono shi haka, bakinsa cike da baƙar ƙasa, kuma har ya mutu bai san sunan mutumin da ya jawo ƙafarsa ba.

Da kasuwar kwal ta mutu, aka tsayar da injin, aka ciccire dogon aka sayar wa masu tsohon ƙarfe. Baba ya samo guntu ɗaya, tsawon kamu biyu, ya ɗoro shi a kamyo, babbar motar kaya, har gida. An yi masa dariya ba kaɗan ba. Sa'o'insa sun dawo da rediyo da keke, Alhassan ya dawo da ƙarfe da yatsa bakwai. Bai kula kowa ba, ya rataye shi a gawon tsakiyar gari, ya ce daga yau in an ji shi a zo. Gobara ce, rijiya ce ta rufta, sa ne ya faɗa rami, a zo. Wanda ya makara kuwa sai ya gwammace kiɗa da karatu a bakin Baba, don zai yi mako yana tambayarsa a gaban jama'a ko ƙaya ce ta soke shi a hanya. A hankali abin ya shiga jinin garin. Har Fulanin da ke sauka a gefenmu, in sun ji ƙarfen, sai ka gan su da sanda a guje.

Ranar da abin ya faru ina garin Filinge, inda nake zaune. An gama girbi, rumbuna sun cika. Da hantsi mutane a kan babura suka shigo ta yamma, suka fara da cinna wa rumbunan bakin gari wuta. Baba ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Ya hango hayaƙi, ya yi abin da ya shekara arba'in yana yi. Jama'a suka fito daga gidaje da gonaki, da bokitai da fartanyu da ɗanyen reshe, suka nufi wutar. Masu bindiga ba su sha wahalar bin gida-gida ba, tsayawa kawai suka yi. An harbi mutane a ƙirji suna gudu zuwa wurinsu. Wanda ya faɗi yana motsi, aka bi shi da wuƙa. Yahuza mun same shi rub da ciki, igiyar guga naɗe a hannunsa, rabin fuskarsa babu. Baba kuma a gindin gawo, harsashi biyu a baya.

Washegari, da rakiyar soji, muka yi ta haƙa kaburbura har tafin hannu ya sale. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, da tsohon ya riƙe hannunsa da ba a kai haka ba. Ni ma abin da ke raina ke nan. Na sare igiyar ƙarfen da kaina, na kawo shi Filinge, na wurga shi bayan garken awaki, ko jinin da ke jikinsa ban wanke ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Garin ya watse, rabi sun koma, rabi suna nan bakin Filinge a bukkokin leda. Kowa da waya a aljihu, amma in aka yi kururuwa sai kowa ya nufi daji ta ƙofar baya. Ban ga laifinsu ba. Shi kam na san zai gani, zai yi ta masifa har muryarsa ta dushe. Layin nasa ma wani ɗan kasuwa ya gaya mini ciyawa ta cinye shi, ko alamar tasha babu. Na ce a raina, to, abu ya koma inda ya fito.

Watanni uku da suka wuce, ranar kasuwa, Inna Ramatu ta yi sallama a gidana. Maƙwabciyarmu ce a ƙauye, ta rasa mijinta da babban ɗanta a ranar nan. Ko ruwa ba ta sha ba ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ta ce, "Mushe, ƙarhen tsohonka niz zo ɗauka."

Na ce, "Inna, ƙarhen da yak kashe maki miji da ɗa?"

"Bindiga tak kashe su. Kai dai ji nan. Watan jiya rijiya ta rubza ma Sani ɗan Maigari. Matatai ta yi kuwwa hat ta gaji, kowa ya gudu. Sai la'asar anka hiddo shi, ya sandare. Da ƙarhen ga na rataye, da yanzu shina cin tuwo."

Sai ta dube ni, ta ce shekara biyar ban taɓa tambayarta abin da ta gani ba, alhali tana bayan dannin gidanta, taku kaɗan daga gawon. Ta ce da aka yi harbin farko Baba ya gane. Ya yar da guduma, ya rungume ƙarfen da hannu biyu don ya kashe ƙararsa, yana ihu a koma, a koma. Muryar tsoho ba ta kai ko'ina ba. Bai saki ba, bai gudu ba, a haka suka harbe shi.

Na tambaye ta wa zai buga ƙarfen yanzu. Ta ce, "Ni mana. Idona garau shike. In nig ga hayaƙi, sai na duba wa ak kusa da shi tukuna."

Ni na wanke ƙarfen, ni na ɗauke shi a kafaɗa har tashar mota. Ban san yana da nauyi haka ba, kuma ban san yadda mai yatsa bakwai ya kawo shi daga wata ƙasa ba. Kuskuren Baba kuskure ne, Yahuza ba zai dawo ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa zuciyata ta wanke tas ba. Amma na shekara biyar ina auna shi da rana ɗaya, na bar shekara arba'in da mutane suka yi ana tono su da rai saboda shi.

Makon jiya Inna Ramatu ta sa aka kira ni a waya. Wuta ta kama ɗakin girkin wani gida, ta duba, ta buga. Na ce mutum nawa suka zo? Ta ce huɗu. Na ce huɗu kawai? Ta ce, "Huɗu. Matar Yahuza tar riga kowa, da bokiti."

Allah ya jiƙan Baba. Na sha faɗin haka a gaban mutane, amma ranar ce na fara faɗa ni kaɗai.