Kwalin da Inna Gudiya Ta Raba

Duk wanda ya san bakin tashar Jega a shekarun da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato ya san rumfar Jabir mai gyaran rediyo. Siririn mutum ne, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, kuma in ka kai masa rediyo sai ya kara shi a kunne ya girgiza kafin ya nemi sukudireba. Allah ya zuba masa karambani. Ba abin da zai gani da murfi ya ƙyale shi a rufe.

Karambanin nan ne ya kai shi ga kwamfuta. Wani malamin makaranta daga Maiyama ya kawo masa tasa tana ciwo, Jabir ya buɗe ta da bismilla, ya ƙarasa ta. Kunyar wannan ɓarna ta sa ya yi ta bin masu sani har Birnin Kebbi yana tambaya, yau da gobe kuwa hannunsa ya faɗa. Lokacin da aka buɗe jami'ar Aliero, rumfarsa ta riga ta zama matattara. Kowace Asabar da hantsi sai ka ga malaman makaranta daga Maiyama, da ɗalibai daga Aliero, da Hafsat mai buga takardu a bayan kasuwa, sun kewaye benci ana koya wa juna. Ba mai biyan kowa. Wanda ya san abu ya faɗa, wanda bai sani ba ya tambaya, man janareto kuma a yi karo-karo.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne manhaja, wato abin da ake zuba wa kwamfuta ta yi aiki. Faifan da ake saya a kasuwa na jabu ne, ka sa ɗaya ka kwaso cuta goma. Intanet kuwa a lokacin, in ka ce za ka sauko da babban abu, sai gemunka ya yi furfura kana jira.

Wani ɗalibi mai suna Yasir ne ya gano cewa akwai kamfanin da ke yin manhaja ta kyauta, kuma yana taimakon ƙungiyoyin sa-kai irin tasu. Suka aika saƙo, suka manta. Kwatsam wata rana wayar Jabir ta yi ƙara. Mace ce daga ofishin kamfanin a Abuja, ta ce sunanta Murjanatu, ita ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi. Za su aiko da kwalin faifai da riguna, ita kuma za ta zo da majigi ranar da za a taru a zuba wa kowa manhajar.

"Sharaɗi ɗaya ne, Malam Jabir," in ji ta. "Faifan nan na masu kwamfuta ne, kuma ba na sayarwa ba ne. Mun sha aikawa mu tarar da su a kasuwa. Duk ƙungiyar da ta yi haka, mun rabu ke nan."

Jabir ya ce amana ce, ya karɓa. Da yake rumfa ba ta da lamba, sai ya ba da kwatancen gida. Nan ya yi kuskure, don a gidan akwai Inna Gudiya.

Inna Gudiya mahaifiyarsa ce, shi ne autanta. Tsohuwa ce da ba ta iya cin abu ita kaɗai ba. In aka ba ta goro ɗaya sai ta ɓare shi ta leƙa katanga tana neman wanda za ta miƙa wa. A wajenta, tsarabar da ta shigo gida unguwa ba ta gani ba abin gori ce har jikoki. Direba ya sauke kwali Jabir yana Maiyama, inda ya tafi gyaran kwamfutocin wata makaranta ya kwana. Inna ta sa wuƙa ta farke. Ta ga riguna sababbi fil, ta ga faifai suna walƙiya, ta ce lallai ɗanta ya yi arzikin mutane. Ta kira aminiyarta Dije, suka ɗauki faranti suka bi gida-gida. Dangi na Aliero da na Alelu ma ba a manta da su ba, an ba masu tafiya can sun kai musu.

Da Jabir ya sauka a tasha washegari, abin da ya fara gani shi ne ɗan kabu-kabu da faifan kamfani manne a goshin babur, yana ɗaukar ido.

"Malam Jabir! Mun ga tsaraba, Allah shi ƙara arziki!"

Bai yi taku goma ba wani mahauci ya ɗago hannu daga kan teburin nama, sanye da rigar kamfani har ta fara shan maiƙo, shi ma yana godiya. Jabir yana amsawa da baki kawai, ya ƙara sauri. Ya isa gida ya tarar da kwalin a gindin rumbu, an riga an zuba albasa a ciki.

"Auta, ka dawo lahiya?" in ji Inna, fuskarta wasai. "Mutanenka na Abuja sun yi muna aike. Na raba dut, kowa ya samu. Ga taka riga nan na aje maka."

"Inna, har hwaihwan?"

"Su na ma anka hi so. Mi na na, ba ka ji daɗi ba?"

Ya dube ta. Rabon da ya ga tana murna haka tun ranar sunan ɗansa na fari. Sai ya ce, "Na ji daɗi, Inna. Allah shi saka."

Ya shiga ɗaki ya zauna yana lissafi. Ranar taro ta kusa, an riga an yi wa ɗalibai da malamai alkawarin kowa zai tafi da faifansa, ga Malama Murjanatu tana tafe. In ta ga kayan kamfani a hannun mahauta da 'yan kabu-kabu, me za ta ɗauka in ba sayarwa ba? Shi ke nan ƙungiya ta rasa gata, shi kuma ya zama maci amana. Bin gidaje a karɓo kuwa ba ya ma cikin lissafi. Kyautar da tsohuwa ta kai da hannunta, ɗanta ya je ya ce a dawo da ita? Ya sa uwarsa ta yi amai ta lashe a gaban unguwa ke nan, kuma har ta mutu ana nuna ta da baki.

Da ya kai wa Yasir kukansa, Yasir ya ce abin mai sauƙi ne, a ce kwalin ya ɓata a hanya. Jabir ya ce direban da ya kawo kaya lafiya lau ba shi za a shafa wa kashin kaji ba. Da ya rasa tudun dafawa, sai ya ari babur ya fita gaisuwa. Duk gidan da ya shiga, bayan an gaisa an sha ruwa, sai ya ce, "Abin ga da Inna tab ba ku, akwai abin kallo ciki nai. Ku taho da shi ran Asabar makarantar hiramare, ku gani da idonku." Bai ce a ba shi ba, bai ce aro ba.

Abin da ya gani a wannan yawo ya isa ya sa mutum dariya da kuka lokaci ɗaya. Wata amarya ta jera nata a bango tsakanin kwanukan ɗaki. A fadamar Alelu, kawunsa ya huda nasa da ƙusa mai zafi, ya rataye su a zare bisa shinkafa, yana ta yabon yadda tsuntsaye suke tsoron walƙiyarsu. Jabir ya tsaya yana kallon manhajar kamfani tana lilo a iska, ya ce wa kawun lallai dabara ta yi.

Bai gaya wa Inna komai ba. Amma zance ba ya kwana a Jega. Hafsat ta faɗa wa yayarta, yayar ta faɗa wa Dije, Dije kuwa ko mayafi ba ta gyara ba ta kai labari. Tun daga ranar tuwon Inna ya riƙa komawa madafa kamar yadda aka kawo shi.

Ranar Asabar Malama Murjanatu ta iso da majiginta, ta shiga ajin da aka ara, ta yi turus. A gefe ɗaya ga ɗalibai da malamai, kowa da kwamfuta ba faifai. A ɗaya gefen ga manoma da mahauta da 'yan kabu-kabu, har da mata a bakin taga, kowa da faifai ba kwamfuta, rabinsu sanye da rigar kamfaninta. Murmushin da ta shigo da shi ya gushe. Ta ja Jabir gefe.

"Malam Jabir, gaya mini gaskiya. Sayar musu ka yi?"

Jabir ya sunkuyar da kai. Ya riga ya yanke cewa zai ce sakacinsa ne, ya tsaya nan, ko me zai biyo baya. Bai kai ga buɗe baki ba ya ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Inna Gudiya ce, da lulluɓinta na zuwa biki, Dije tana riƙe da hannunta. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ajin boko ba ta ratsa mutane har gaban baƙuwa.

"Ɗiyata, ke ta mai kaya?"

"Ni ce, Inna."

"To, wanga yaro bai sai da komi ba, ba ya ma gari. Ni nir raba su. Na ga kaya sun hito nesa, nic ce tsaraba ta, mu kau nan ba mu cin tsaraba mu kaɗai. In akwai laihi, nawa na. Kar ki hana ma yaran ga abin da kinka yi niyya sabadda tsohuwa."

Jabir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, don abin da ya yi ta gudu ke nan, ga shi ta kawo kanta. Malama Murjanatu ta dubi tsohuwar, ta dubi mahaucin nan mai riga da maiƙo, ta tambaye shi nawa ya biya.

"Biya?" in ji mahauci, har da ɓacin rai. "Wa ka biyan Inna Gudiya? Har gida tak kawo man."

Sai baƙuwa ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta riƙe hannunta ta kai ta kujerar malami ta zaunar. Ta juyo tana dariya tana share ido. Ta ce a gwada faifan. Da yawa sun karce, na kawu kuwa sai dai tsuntsaye, amma an samu masu rai. Ba ta karɓi na kowa ba. Ta ce duk mai faifai mai aiki ya zauna kusa da mai kwamfuta, ya ba shi da hannunsa, in an gama ya karɓi abinsa. Haka aka wuni, manomi da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa, majigi yana haska bango, ɗan kabu-kabu yana tambaya ko abin nan zai iya rubuta sunansa. Hafsat ta nuna masa, ya rubuta da yatsa ɗaya, aji ya ɗauki tafi.

Da za ta tafi, ta ce wa Jabir ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Za ta faɗa wa na sama abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Jabir ya ce hakan ma ya gode.

Jiran ya yi masa tsawo, har ya fara sallamawa. Sai ga direba wata rana, wannan karon a bakin rumfa, da kwali biyu da majigin nan, an ce su riƙe shi. Babban kwalin na ƙungiya ne. Ƙaramin kuwa an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: na Inna Gudiya, ta raba. A ciki akwai riguna da huluna, da tsofaffin faifan da yayinsu ya wuce, waɗanda da kamfani zai zubar. Jabir, babba da shi, ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a cikin rediyoyi, don hawaye sun ci amanarsa. Ya ce bai taɓa ganin mutanen da ba su san ka ba su rufa maka asiri haka ba.

Tun daga nan duk lokacin da sabuwar manhaja ta fito, kwali biyu ke zuwa. Ƙungiya ta bar benci ta koma aji, ta yi rassa a Aliero da Maiyama. Hafsat ta buɗe shagonta tana koyar da mata. Yasir ya gama karatu ya zama mai koyarwa. Har yau Jabir ba ya yarda a faɗi sunan kamfanin nan a gabansa bai sa musu albarka ba, ko da kwamfutar da ke hannunsa ta ƙi tashi.

Inna Gudiya ta rasu cikin wata damina, bayan gajeruwar jinya. Cikin hidimar zaman makoki ba wanda ya tuna ya sanar da Abuja. Bayan sadakar arba'in direba ya tsaya a bakin rumfa ya sauke kwali biyu. Jabir ya daɗe yana kallon ƙaramin da sunan da ke jikinsa. Yasir ya ce ko a haɗa da na ƙungiya. Jabir ya girgiza kai. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya je gida ya ɗauko faranti, ya bi unguwa yana sallama ƙofa-ƙofa.

"Aiken Inna na," yake cewa. "Ku yi mata addu'a."