Amfirimantina tana neman wifin Yaya Mamman

Jiya da hantsi direbobi biyu na tsaye a shagona, suna jiran in buga musu takardun duwan, wato kwastan, su tsallaka iyaka zuwa Malanbil, sai amfirimanti, na'urar buga takardu, ta sake saukowa daga rezo, wato haɗinta da wifi ya yanke. Tun da na sauya akwatin wifi haka take yi: da an ɗauke wuta an maido, sai ta ɓace wa ordinatar, wato kwamfuta.

Na kira Sale mai gyara. Ya daɗe yana latsa ƴan maɓallanta, can ya ɗago kai.

"Malam, lafiyarta ƙalau. Duk ta kunnu, tsohon wifi take fara nema. Wane ne ya sa masa suna 'Sayi Naka'?"

Na yi dariya, na ce:

"Yayana ne, Mamman, Allah ya jiƙansa. Shi ya buɗe shagon nan."

Ya sa sunan ne wai don maƙwabta su daina roƙon kod ɗin shiga. Amma duk wanda ya zauna kan bencinsa, shi da kansa zai amshi wayar ya sa masa, har ya haɗa da kofin shayi.

Sale ya ce, "In goge tsohon sunan, ko in maida shi kan sabon akwati? Duk ɗaya ne, za ta zauna."

Na ce ya maida shi. Tun daga nan ba ta sake saukowa ba.

Ku fa, wane abu ne na wani naku kuka kasa gogewa?