Askar Gado da Kakana Ya Ajiye

Ranar kasuwar da ta wuce ina ratsawa ta layin dukawa a nan Matameye, sai na ji wani baduku yana wasa wuƙarsa a kan fata. Ban san sa'ad da na tsaya ba, da kwandon cefane a hannu. Wannan ƙarar ce take tashe ni daga barci ina yarinya, domin kakana wanzami ne, kuma shi ne sarkin askar unguwarmu. Da ya dawo daga sallar asuba zai zauna a zaure, ya kwance zabira, ya jera ƙahonni a kan buzu, ya ɗauki babbar askar da ya gada daga mahaifinsa yana wasa ta a hankali. In na kawo masa koko sai ya ɗaga kai ya ce, "Amaryata, yau ma kin makara, zan sake ki." Ni kuma in ce ai dama ba na son tsoho.

Babu jaririn da aka haifa a unguwarmu da bai bi ta hannunsa ba. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, in sanyi ya shigo shi ke yi wa yara kaciya. Daga Dungu da Dawce ma akan aiko a ɗauke shi a amalanke. Ƴan tsagar da ke gefen idona, shi ya yi mini su da wannan askar.

Wata damina babana ya kwanta, gero ya fara fitar da kai. Idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Har yau in na ji warin tukunyar magani sai in tuna da ɗakin nan. Daga baya cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka cika, shi kuwa sauran jikinsa yana ta ramewa. Kafin a gama girbi ya rasu. Da shekara ta zagayo, baffana, ƙanen babana, ya kwanta da ciwo iri ɗaya, shi ma ya bi shi.

Kakana ya ce Inna, mahaifiyata, ta zauna a gidan ta riƙe mu, ni da ƙanena. Ta zauna, amma zaman bai yi mata daɗi ba. Ita ce ta yi jinyar su biyun, ita ce mai dama musu kunu, sai magana ta fara yawo. Da fari aka ce farar ƙafa gare ta. Daga nan aka koma raɗa kalmar da ta fi wannan muni. Furar da take yi ta sayarwa, wadda a da ba ta kai azahar, sai in dawo da ita a ƙwarya ta yi tsami. In ta je famfo mata su janye ƴaƴansu. Ba ta taɓa yin kuka a gabanmu ba, sai dai ta daɗe tana daka, ko da garin ya riga ya yi laushi. Kakana yana jin abin da ake faɗa. Bai yarda ba, amma ba shi da abin da zai nuna wa mutane.

Ana nan, cikin tsakiyar rani, mai shela ya zaga gari ya ce masu bincike sun zo daga Yamai, sun sauka a gidan likita. Suna neman sanin yadda ciwon hanta yake bin mutane a ƙasarmu, kuma duk mai so ya zo a ɗebi ɗan jininsa a gwada. Ranar farko babu wanda ya je. Wasu suka ce sayar da jinin za a yi, wasu suka ce da shi ake haɗa maganin hana haihuwa.

Washegari da hantsi kakana ya sa rigarsa ta Juma'a, ya leƙo cikin gida ya ce wa Inna ta ɗauko mayafi, mu ma mu fito. Maƙwabcinmu ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Sarkin aska, kai ma?" Ya ce, "Ni da na tsufa ina zubar da jinin mutane a ƙaho, ɗan wannan ne zai ba ni tsoro? Ƴaƴa biyu na binne. Ina so in san abin da ya ci su."

Shugabar masu binciken likita ce, mace, ƴar Damagaram, Hausarta irin tamu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta bayyana masa kome kafin ta taɓa shi. Na lura duk wanda za ta soka sai ta yage sabuwar allura a gabansa, in ta gama ta jefa a wani kwali. Kakana ma ya lura, don na ga idonsa yana bin hannunta. Da mutane suka ga sarkin aska ya fito da ƙafarsa yana riƙe da auduga a gwiwar hannu, kafin la'asar layi ya kai bakin titi.

Sai da aka yi ruwan farko likitar ta dawo. Ta zo har zaurenmu, ta zauna a tabarma. Ta ce abin da ke kawo irin ciwon babana wata ƙwayar cuta ce da ke zama a hanta shekara da shekaru ba a sani ba, kuma akwai ta a jinin kakana, akwai ta a nawa. Ƙanena ba shi da ita, za a yi masa allurar rigakafi. Inna kuwa, ta ce cutar ta taɓa shiga jikinta amma jikin ya kore ta, ba ta ɗauke da kome da za ta sa wa wani.

Kakana ya ce, "Ƴata, in uwar ba ta da shi, yarinyar nan a ina ta samu?"

Likitar ta ce cutar jini take bi. Takan bi uwa zuwa jariri, takan bi miki, takan bi allura ko aska da aka yanka wani da ita aka koma kan wani. Ta ce, "Baba, ba zan iya rantse maka cewa askarka ce ba. Amma ba zan ce maka ba ita ba ce."

Ya dubi tsagar da ke fuskata. Ban taɓa ganinsa ya dube ni haka ba.

Daga ranar ya rataye zabira a ƙusa. Aka yi suna a unguwa aka aiko, ya ce ba shi da lafiya. Koko in na kawo sai ya huce a gabansa, kuma ya daina ce mini amarya. Duk daminar nan haka ya yi ta, daga gona sai masallaci.

Inna ce ta tashe shi. Ita da ba ta haɗa ido da surukinta, wata safiya ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Baba, in ka ajiye, wasu ba su ajiye ba. Su ba su ji abin da ka ji ba. Kai suke jin maganarka." Ta tashi ta koma ciki.

Ya koma gidan likita, ya zauna kamar ɗan lakwal a gaban malaminsa, aka nuna masa abin da za a yar bayan aiki ɗaya da abin da za a tafasa. Sa'an nan ya aika wa wanzaman gari da na ƙauyuka. Suka taru a ƙofar gidanmu, mu yara muna leƙe ta kan katanga. Da ya gama bayanin cewa kowane kai sai da sabuwar reza, wani dattijo ya ce askar gado ba ta cuta, da ita aka yi wa iyayenmu, reza kuwa kayan ƴan tasha ce. Kakana ya ciro askarsa ya ajiye a tsakiyar tabarma ya ce, "Wa ya fi ni askar gado a nan? Da ita na yi wa ƴaƴana. Ku nuna mini su." Ba duka suka bi shi a ranar ba, amma samarin cikinsu sun bi, kuma da iyaye suka fara tambayar ina sabuwar reza, sauran ma suka bi.

Sunan farko da ya je bayan haka, a gidan mai unguwa ne, tsakar gida cike da mata. Ya yage takardar reza a gaban uban jaririn, ya yi askinsa, sa'an nan ya miƙe ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji. Ya ce, "Jama'a, abin da ya kashe ƴaƴana an gan shi, a jinina yake. Matar ɗana an gwada ta, ba ta da kome. Wanda ya ci namanta ya je ya nemi gafararta." Ina tsaye kusa da Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Matar mai unguwa ce ta fara tasowa ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da maijego. Washegari kafin rana ta take, furar ta ƙare.

Ni dai da cutar na girma, kuma ga ni. Ina zuwa Damagaram a duba hantata lokaci zuwa lokaci. Da aure ya zo ban ɓoye ba, mijina ya je aka yi masa rigakafi. Ranar da na haifi ƴata ta fari, ba mu bar gidan likita ba sai da aka yi mata allurarta. Da ta fara tafiya na kai ta gwaji, da sakamako ya fito na wuce kai tsaye wajen kakana. A lokacin idonsa ya tafi, yana kwance a buzunsa. Na ɗora masa ita a ƙirji na ce, "An gwada ta." Ya ce, "To?" Na ce, "Babu." Ya sa na maimaita. Sai ya shafa kanta yana dariya har da hawaye, ya ce a kira masa Inna ta ji da kunnenta.

Yanzu in ka zauna gaban wanzami a kasuwar Matameye, ko yaro ne da bai daɗe da fara sana'ar ba, sai ya nuna maka reza a takardarta kafin ya yage. In ka tambaye shi wa ya koya masa, cewa zai yi haka ya tarar ana yi. Ƴaƴana huɗu ne yanzu, kuma duk an gwada su. Ciwon da ya ɗauke babana da baffana, a kaina ya tsaya.