Amshin Kawu

Ranar kasuwar Kankiya na hau mota zuwa Kusada, sai direba ya saka tsohuwar waƙar nan ta mai jiran ɗan'uwansa da ya tafi ci-rani. Nan take na tuna Kawu.

Lokacin da ta fito, har awakin garin Kunduru sun iya amshinta. Daga baya 'yan boko suka ce waƙar ƙauyawa ce, rediyo ya yar da ita, kowa ya yi kamar bai taɓa jin ta ba. Ban da Kawu. Muna noman gyaɗa, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, zai ja baiti da muryar nan tasa da ake ji har garin Ƙofa, sai ya tsaya ya dogara da hauya. Ba ya sake sara sai an karɓa mashi.

"Kawu, waƙar nan fa ta mutu," in ce.

"Ka je jana'izarta ne? Karɓa mani, ja'iri, rana na yi."

Sai in karɓa, mu biyu kaɗai a gona.

Yanzu ta dawo. Waɗanda suka kore ta su ne a rediyo suna kiran ta gadon kakanni. Da aka zo wurin amshi a motar, na wage baki na karɓa. Fasinjoji suka juyo. Wani matashi ya ce, "Baba, saurare ake yi."

Sauran amshin a zuci na karɓa shi har Kusada.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da abokan zaman da ba za su bar shi yana jira ba.