Bishiyar Buronya ta Gwaggo Ladidi

Ku da kuka taɓa shiga ɗakin Gwaggo Ladidi a unguwar Mamobi kun san shigar ba ta da wuya, fitar ce aiki. Kana miƙewa za ka tafi sai ka ji, "Ɗaga ƙafa!" Ka ɗaga ta dama, ka ɗaga ta hagu, ta leƙa tafin ƙafarka, ta juya silifas ɗinka, ko wani ɗan dutsen adonta ya maƙale zai bi ka gida. Sana'arta ke nan, ɗinkin hannu da jera duwatsu a gyale da kayan amare, kuma a wurinta duk mai ƙafa abin zargi ne. Ni Sakina, 'yar ƙaninta da na tashi a hannunta, har na yi aure na haihu ban daina ɗaga mata ƙafa ba. Kullum kuma sai gabana ya faɗi, don ni ko ban taɓa abu ba, da an ce ya ɓata sai in fara zargin kaina.

Maganarta ɗaya ce: "Ban yarda ba." Mai shinkafa da wake ta ƙara mata miya? Ban yarda ba, me take nema a wurina? Wata rana direban trotro, motar hayarmu ta nan, ya gaishe ta da fara'a, ta sauka tun a unguwar Alajo ta ƙarasa gida da ƙafa.

Wadda ta fi kowa shan zargi ita ce Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga, Kirista, wadda ɗakinta ke kallon namu tun kafin a haife ni. Kullum faɗa a kan igiyar shanya, kullum kuma hannunsu a kwano ɗaya. Da Sallah Gwaggo ta kai mata nama. Da Kirsimeti, wato Buronya yadda muke cewa a nan, Anti Dede ta ba mijina kazarta ya yanka, don mu ma mu ci.

To, idon Anti Dede ya fara tafiya. Na hagu ya rufe, na dama saura kaɗan, likita ya ce ba zai kai wata Buronyar ba bayan wannan. Ja kaɗai take iya hangowa sosai. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce ita dai ta so ta ƙara ganin bishiyar Buronya kafin duhu ya gama zuwa.

Gwaggo ta ja ni har Adabraka mu ga ta roba a shago. Ta zagaya ta, ta shinshina, ta durƙusa ta leƙa ƙasanta.

"Sakina, ina saiwar?"

"Gwaggo, ba ta da saiwa. Haka ake yin ta."

"'Ya'ya fa?"

"Ba ta yi."

"Inuwa?"

"Gwaggo, mai shago yana kallonmu."

"Ya yi ta kallo! Ba saiwa, ba 'ya'ya, ba inuwa, a ce bishiya? Ban yarda ba. Ni zan ɗinka wa Dede ta mutanen kirki."

Ta samo baƙin yadi, ta bi shi da koren zare reshe bayan reshe, faɗi a ƙasa, tsini a sama, kamar ta shago. Sai dai ta yi mata saiwoyi da suka kusa kai bishiyar tsawo. Sannan ta buɗe wani gwangwani da ko ni ban taɓa ganin cikinsa ba. Jajayen duwatsu ne na gilas, daga jigidar mahaifiyarta. Da su za ta yi 'ya'yan bishiyar, tunda su ne Anti Dede za ta iya gani.

Ni kuwa hankalina ya tashi. Musulma da carbinta tana ɗinka bishiyar Kirsimeti? Abinci ya ƙi shiga bakina. Na lallaɓa na kira limamin layinmu. Ya zo ya duba, ya ce ai itace ne, ba hoton mutum ko dabba ba, kuma maƙwabci yana da haƙƙi.

Gwaggo ta harare shi. "Malam, amsar nan ta yi sauri. Ban yarda ba."

"To ki ajiye aikin mana, Mma."

"In ajiye? Ni na tambaye ka? Ɗaga ƙafa!"

Wallahi liman da rawaninsa ya dafa ƙofa ya ɗaga.

Sai ga tashin hankali. Gwaggo takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda haske, ta zuba jajayen a faranti. Wata rana ta tashi alwalar azahar, ta dawo ta tarar 'yan kaɗan suka rage. Innalillahi! Gidanmu ya koma ofishin 'yan sanda. Mai gawayi ta ɗaga ƙafa. 'Yar dakon da ta kawo doya, an warware mata gammo. Ni kuwa na kakkaɓe zanina, na zauna na tsefe kitsona da kaina, don na fara tunanin ko ni na ɗauka ban sani ba.

"Sakina, wa ya ce ki tsefe kai?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"To me kike nema a ciki, in ba ke kika sa ba?"

Na ce mu je kasuwar Nima mu sayo wasu. Ta ce na kasuwa roba ce da fenti, jan ƙarya, idon Dede ba zai kama shi ba. Ta naɗe yadin ta zauna a kansa, wai ba ta ƙara soka allura sai ɓarawo ya fito. Na roƙe ta, na yi kuka, ko gezau. Kwanaki suna tafiya. Kullum da safe sai in ɗaura jan ɗankwali in tsaya gaban Anti Dede in gwada ta.

"Sakina, kai ne? Matso kusa," in ji ta da Hausarta ta Zango.

Kullum kuma sai na matso fiye da jiya kafin ta gane ni.

Ana gobe Buronya mijina ya yanka kazar Anti Dede kamar kowace shekara. Gwaggo ta ƙwace gyaran daga hannuna, wai ba ta yarda da yadda nake wanke kayan ciki ba. Tana tsaga ƙundun muka ji ihu.

"Dede! Fito! Dama na san a ɗakinki ɓarawon yake!"

Ga jajayen duwatsu nan cikin tsakuwa da dusa, suna ƙyalli.

Anti Dede ta fito tana laluben bango. "Ei, Ladidi! Kazana ya yi sata?"

"Kazarki! Wa ya san wanda ya aiko ta?"

Na ce, "Gwaggo, yanzu ai sai ki ba mutane haƙuri."

"Haƙurin me? Don ba su ɗauki wannan ba, shi ke nan ba su taɓa ɗaukar komai ba?"

Ni damuwata daban ce. Dutsen da ya zauna a cikin kaza, yana da tsarki? Na wanke da sabulu, na ɗauraye, na sake wankewa, har Gwaggo ta fizge ta ce zan wanke jan ya fita. Ta zauna a rana ta duƙufa, ba ta kula kowa ba. Kafin magariba bishiya ta yi 'ya'ya.

Washegari da Anti Dede ta dawo daga coci, Gwaggo ta zaunar da ita inda rana ta fi haske, ta shimfiɗa mata yadin a cinya. Anti Dede ta ɗaga shi dab da idonta na dama. Ta yi ta juya shi. Ni na ce a raina shi ke nan, mun makara. Can sai ta miƙa yatsa ta fara taɓa jajayen ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye, ba lalube.

"Ina gani, Ladidi. Ina gani!" Hannunta ya gangara ƙasa ya tsaya. "Wannan kuma mene ne?"

"Saiwa."

"Bishiyar Buronya ba ya da saiwa!"

"Taki tana da ita. Ba inda za ta je."

Anti Dede ta yi dariya har da hawaye. Ta rungume kyautarta za ta shiga ɗaki, Gwaggo ta ce, "Tsaya. Ɗaga ƙafa."

Idon bai daɗe ba ya rufe gaba ɗaya. Gwaggo kuma ta riga mu gidan gaskiya. Kun dai gani ranar addu'arta. Anti Dede ta sa aka ajiye mata kujera a ƙofar ɗakin Gwaggo, yadin nan a cinyarta, yatsunta a kan saiwar. Duk wanda ta ji zai fita sai ta ce, "Ɗaga ƙafa!" Ba ta ganin komai, amma ba wanda ya wuce bai ɗaga ba, har liman. Muna dariya, muna share ido da bakin gyale.

Allah ya jiƙan Gwaggo Ladidi, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Allah ya zaunar da ita a inuwar bishiyar Aljanna mai saiwa mai 'ya'ya, wadda ko ita za ta zagaya ta duba ta ce, "Wannan kam na yarda." Amin.