Lambar da Gwaggo Ta Ƙi Sauyawa

A jerin shagunan da ke ƙarƙashin dogon benen nan, tsakanin mai aski da mai sayar da ƙwan lantarki, akwai wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Nan Gwaggo take aiki. Kowa Gwaggo yake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta, har direbobin bas da ke tsayawa a bakin titi su miƙo wando ta taga. Ba ta ɗinka sabo. Aikinta gyara ne: zik ɗin da ya ƙi hawa, aljihun da ya ɓule, rigar makarantar da ta yi wa yaro kaɗan, wandon magidancin da tumbi ya fi ƙarfinsa. Takan ce sabon ɗinki kowa ma ya iya, amma rufa wa tsohuwar riga asiri sai mai haƙuri. Sai dai haƙurin nata a hannu ya tsaya, bai taɓa hawowa baki ba.

Kekenta na ɗinki gadon Innarsu ne, baƙi, mai feda, duk adon jikinsa ya goge. Yana da ɗingishi. In ta taka sai ya kama gurnani lafiya lau, amma duk zagayen babban wilin ƙasa sai ya ce ƙwas. Mai gyaran kekuna ya sha gaya mata cewa wata lanƙwasasshiyar ƙusa ce aka cusa a gurbin noti, ta bari ya cire ta kafin shayinsa ya huce. Ita kuwa takan ce masa ya shafa mai ya kama gabansa, ba ta kira shi tiyata ba.

Ƙusar nan aikin ƙaninta Auta ne. Tun yana ɗan firit ya kwance notin ya haɗa motar gwangwani da shi, ya maye gurbin da ƙusa don kada Inna ta gane. Inna ta gane tun takun farko, amma da yake auta ne, dariya kawai ta yi. Haka ya taso, bakinsa ba linzami, bai taɓa kiran yayarsa da wani suna ba sai Yaya Masifa, ita kuma ba ta taɓa barin kunnensa ya huta da murɗa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bayan rasuwar Inna ya ce a sayar da keken ya yi guzuri ya tafi neman aiki. Ta ce sai dai ya fara sayar da ita. Magana ta ja magana, har ta ce in ya fita kada ya ƙara waiwayo ta. Ya fita, ya kuma riƙe maganar fiye da yadda ta yi nufi. Shekaru suka yi ta tafiya, sai dai a ce an gan shi yana lodi a wata tashar jiragen ruwa, ko a ce ya yi aure. Abu ɗaya ya rage tsakaninsu: lambar wayar da ke rubuce da jan fenti a ƙofar shagonta. Shi ya saya mata layin, shi ya zaɓi lambar, ya haddace ta tun kafin ita ta haddace.

Shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa ƙin ɗaukar waya. Ko tana da allura a baki, in wayar ta yi ƙara sai ta ɗauka, kuma duk baƙuwar lamba sai gabanta ya faɗi. Ba ta gaya wa kowa dalili, amma duk jerin shagunan an sani.

Ranar da muryar na'ura ta fara kiranta, Gwaggo ta gaishe ta da kyau, ta tambaye ta gida da yara. Matar ba ta amsa ba, ta ci gaba da zuba a kan wani tayin inshora, ta ce a danna ɗaya. Gwaggo ta ce mata ta dakata tukuna a gaisa, matar ta ce a danna biyu. Ran Gwaggo ya ɓaci, ta tambaye ta ko a gidansu ba manya. Mai aski, wanda bangon katako ne kawai ya raba su, ya yi dariya har ya kusa yi wa wani bawan Allah hanya a tsakiyar kai. Da ya bayyana mata cewa ba mutum ba ce, naɗaɗɗiyar murya ce, Gwaggo ta ce ai da ma ta ji alama, don mutum ko ya kai ina a rashin kunya yakan tsaya ya ja numfashi. Tun daga ranar ta sa mata suna Ba-ki-ji, kuma in ta kira takan ce wa mai aski ƙawarsa ce ke nemansa.

Na'ura dai ɓata lokaci ce kawai. Masu jini a jika su ne abin tsoro. An kira ta an ce ta ci mota a gasar da ba ta taɓa shiga ba. An kira an ce daga banki ne, za a rufe mata ajiya in ba ta karanto lambobin da aka turo mata ba. An kira ana kuka, wai an tura mata kuɗi bisa kuskure. Duk waɗannan ba su taɓa kama ta ba, don ta san ba ta da sa'ar da za ta ci ko da keken yara, balle mota. Wanda ya kusa kai ta ƙasa, ta wajen da ba ta da ƙarfi ya shigo.

Wata hantsi tana rage tsawon labule, wani ya kira da murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Yaya, ni ne. Ba ki gane muryata ba?”

Kafin hankalinta ya iso, bakinta ya riga ya ce, “Auta?”

Ita da kanta ta miƙa masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Ya ce shi ne, yana kwance a asibiti, mota ta buge shi, ba za a taɓa shi ba sai an biya. Ya yi ta don Allah Yaya, ki yafe mini Yaya, Allah ya ƙara miki girma. Gwaggo ta yafa mayafi a birkice, ta sa takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na gyara, ta nufi shagon da ake tura kuɗi, wayar na manne a kunnenta. Ta kai bakin kwata sai ta tsaya cak. Ladabin ya yi yawa. Auta tun da aka haife shi bai taɓa ce mata don Allah ba, ko ruwa yake so sai dai ya ce Masifa miƙo. Sai ta lallaɓa murya ta tambaye shi ko ƙafar nan mai tabon ƙuna ce ta sake buguwa. Ya ce ita ce kuwa, ta dama. Auta ba shi da tabo a ƙafa ko ɗaya.

Ta dawo shago ta zauna ta yi kuka mai isarta. Ba ta yi asarar ko sisi ba, amma ta ji kamar an ba ta ƙaninta an sake ƙwacewa, kuma wannan ya fi mata ciwo.

'Yarta, wadda ke aikin jinya, ta zo da yamma da faɗa da nasiha a haɗe. Kada ta karanta wa kowa lambar da aka turo mata. Kada ta fara ambaton suna, ta bar mai kira ya faɗi nasa. Duk wanda ya ce maza-maza, to ta yi sannu-sannu. In an ce daga banki ne, ta kashe ta je bankin da ƙafarta. Gwaggo ta karɓi duk waɗannan ba gardama, abin da ya ba 'yar mamaki. Biyu kawai ta ƙi: daina ɗaukar baƙuwar lamba, da sauya layi.

A maimakon haka ta ƙirƙiro tata dabarar. Duk wanda ya kira ya fara da zaƙin baki, sai ta ce masa, “To ɗan nan, riƙe, ina zuwa.” Sai ta buɗe lasifikar wayar, ta kwantar da ita a kan ƙarfen keken, ta taka feda. Mai kira ya sha gurnani da ƙwas-ƙwas har ya gaji, katinsa na ƙonewa, ita tana cin gaba da aikinta. Ta ce duk mintin da ɓarawo ya ɓata a wajenta, wata tsohuwar ta huta. Mai aski har kashe injinsa yake yi don ya ji. Wani ya yi ta alo alo har muryarsa ta dushe. Wani ya tambaya ko injin niƙa ya kira. Wani ya zage ta tas, ta ce masa ya gaida iyayen da suka yi wannan tarbiyya. Akwai kuma wanda suka fi so, suna ce masa Wawan Ɓarayi. Shi daga sallama ba ya ƙara komai. In ta ajiye shi a kan keken sai ya yi shiru, bai kashe ba, bai yi magana ba, har katinsa ya ƙare da kansa. Gwaggo takan ce wannan da sana'ar ya sauya, don ba zai taɓa cin abinci da ita ba.

Amma dabarar ta zo da tata wahalar. Lambar da ake ɗauka kullum, 'yan damfara miƙa wa juna ita suke yi, sai kiran ya ninka. Masu kawo gyara suka fara ƙorafin ba sa samunta. Ga faɗuwar gaban nan da ba ta daina ba, har awon jininta ya fara hawa. 'Yar ta sayo sabon layi ta ajiye a kan keken, ta ce wannan karon ba shawara ta kawo ba.

“Mama, mutumin da bai neme ki ba duk shekarun nan, ba zai neme ki don kin kashe kanki ba.”

Gwaggo ta kalli sabon layin da ke kan keken. Ta san yarinyar tana da gaskiya, kuma ta ji haushin hakan ƙwarai. Ta ce to, a kira mai fenti ya zo ya goge tsohuwar lambar.

Mai fenti ya zo da safe da gwangwaninsa. Yana kankare ƙofa, 'yar tana tsaye da sabon layin a tafin hannu kamar mai jiran ba da magani, Gwaggo kuma tana ta jan lokaci da wani wandon da ba a ma yi alkawarinsa ranar ba. Sai wayar ta yi ƙara. Muryar namiji ce, ta manyanta, ta yi sallama a hankali. Gwaggo ta ƙyafta wa mai aski ido ta ƙofa, ta ce ga Wawan Ɓarayi ya zo ban kwana. Ta ce wa mai kiran ya riƙe, ta kwantar da shi a kan ƙarfe, ta taka.

Ta ɗinke ƙafar wandon ɗaya, ta juya ta ɗinke ɗayar. Da ta tsaya za ta yanke zare, shagon ya yi tsit, sai suka ji mutumin yana jan hanci, ba a san dariya yake yi ko kuka ba.

“Yaya Masifa,” in ji muryar, “ashe har yau ƙusata ce ke riƙe da keken Inna.”

Almakashin ya faɗi daga hannunta. Mai fenti ya tsaya da kankara. Gwaggo ta kalli wayar, amma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Ta tambaye shi wace ƙafa ce mai tabon ƙuna. Ya ce ita dai har yanzu ba ta daina ƙirƙira ba, shi ba shi da tabo a ƙafa, in tabo take nema ta duba kunnensa na hagu da ta mayar abin wasanta.

Daga nan bakin Gwaggo ya dawo aiki. Ta ce masa shashasha, marar kirki, wanda ya bar ta da 'yan damfara suna ce mata Yaya. Ta tambaye shi wane ne ya koya masa sallama cikin ladabi kamar ɓarawo, da ya fara da zagi ai da tuni ta gane shi. Ya ce tsoro yake ji. Ya ce ba yau ya fara kira ba, wani lokaci da wayarsa, wani lokaci da ta abokin aiki. Duk sanda ya shirya abin da zai faɗa, in ya ji muryarta sai maganar ta maƙale, kafin ya tattaro ta kuma ta riga ta ajiye shi a kan keken.

“To me ya hana ka kashewa, kana ta ƙona katinka a banza?”

“Ba a banza ba ne, Yaya. In na ji ƙwas ɗin nan sai in ga kamar ina kwance a ƙarƙashin keken, Inna tana taka shi. Ban da wurin da nake jin haka sai nan.”

Mai aski ya juya ya koma shagonsa, wai ya bar mutum da rabin gemu. 'Yar ta dubi layin da ke hannunta, ta zura shi a aljihu ba tare da an ce mata komai ba. Gwaggo ta leƙa ta ce wa mai fenti ya maimaita tsohuwar lambar yadda take, ya ƙara mata kauri, kuma kada ya kuskura ya ce aikin ya sauya farashi.

Sun daɗe suna magana. Ta ji yana da mata da 'ya'ya mata biyu, babbar ma wai bakinta sak na wata da ya sani. Ta ce saura ya zo hannu rabbana, ya taho da su ta ga ko an iya sa musu kaya. Ya ce zai zo. Da katin ya kusa ƙarewa, sai ya ce yana da roƙo ɗaya, kuma ba zai ce don Allah ba, kada ta sake ɗaukarsa ɓarawo. Roƙon shi ne ta ɗan ƙara taka masa keken.

Gwaggo ta kwantar da wayar a kan ƙarfen. Ta jawo wandon, ta ga ba ta iya ganin layin ɗinkin, don idanunta sun cika. Sai ta ture shi gefe, ta zare zaren daga allura, ta ɗora ƙafa a kan feda, ta yi ta taka keken ba komai a ƙarƙashinsa.