Abbagana da Ramin Farko

Abbagana tela ne a Kolere, shekarunsa arba'in da ɗaya. Kullum yana gaya wa 'ya'yansa cewa da yana yaro shi ne gwanin gem ɗin zomon katun mai tsallake ramuka, wanda suke bugawa da yayansa Kashim a talabijin.

Ranar Asabar 'yarsa Rumaisa ta samo gem ɗin a waya. Da Abbagana ya karɓa, sau tara yana faɗawa ramin farko, yara suna ƙunshe dariya. Sai ya kira Kashim.

"Yaya, gaya musu irin ƙwarewata."

"Kai, Abbagana! Abin dannawarka ai ba na jona shi. Ni ke bugawa, kai kana ihu."

Abbagana ya matsa kusa da Rumaisa. "To, Mamana, koya min."